Bara, Ɗan Barema da Ɗan Kwantaragi: Tarihin Barin Aiki Kafin Cikar Wa'adi a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Duk wanda ya taɓa riƙe makaranta a karkarar Tasawa ko ta Mayahi ya san wannan labari. Ana tsakiyar shekarar karatu, an dawo daga hutun Disamba, yara sun fara sabawa da hannun malaminsu, sai wata safiya a wayi gari ba kowa gaban allo. In aka tambaya, a ce mushe ya samu aiki da wata ƙungiyar agaji a Maraɗi, ko ya ci jarrabawar shiga aikin jandarma, ko kuma wani furoje ya kira shi Damagaram. Takardar da ya sa wa hannu ba ta cika wa'adinta ba. Iyayen yara su ce ya ci amana, abokan aikinsa su ce Allah ya yanke masa wahala, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a raina ba.

Wannan gardama ta girmi makarantar boko a ƙasarmu. Tun kafin a san takarda da sa hannu, mutanen Tasawa da na Gulbin Kaba suna ɗaukar mutum aiki zuwa wani lokaci, kuma suna da hukuncin da suke yi wa wanda ya tafi kafin lokacin ya cika. Abin da mai karatu zai lura da shi a cikin wannan tarihi shi ne, magabatanmu ba su ɗauki barin aiki a matsayin laifi ba. Abin da suke dubawa shi ne lokacin da mutum ya tafi, da kuma yadda ya tafi.

Mu fara da gona, domin daga can ne sauran al'amura suka samo ma'auninsu. Damina a wannan yanki gajera ce, wata uku ne ko huɗu, kuma kowane aiki a cikinta yana da ƴan kwanakinsa: shuka bayan ruwan farko, noma kafin haki ya rufe hatsi, maimai, sannan girbi. Mai gandu yana da ƙannensa da ƴaƴansa da ke yi masa aiki a kwanakin gandu, su koma gamanarsu a sauran kwanaki. In hannu bai isa ba, sai a kira gayya ko a ɗauki ƴan barema. Ɗan barema iri-iri ne. Akwai na yini, wanda ake sallama da yamma, ba wanda ke bin wani bashi. Akwai na jinga, wanda aka yi ciniki da shi a kan gona guda, ba ya da lada sai ya kai kunya ta ƙarshe. Akwai kuma wanda yunwar bazara ta sa ya karɓi hatsi ko kuɗi tun ruwa bai sauka ba, a kan zai biya da ƙarfinsa idan noma ya zo. Wannan na uku shi ne ya fi kama da ɗan kwantaragin zamaninmu, kuma a kansa ne Bahaushe ke cewa kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. In irin wannan mutum ya ji an ƙara kuɗin barema a wani gari, ya ajiye hauya ana tsakar noman farko, to ya yi ɓarnar da kuɗi ba ya gyarawa, domin haki ba ya jiran a samo wani. Amma da zarar an ɗaure damma an kai rumbu, ba mai tambayarsa ina za shi. Ya ɗauki sandarsa ya tafi cin rani Katsina ko Kano, gari ya yi masa addu'a.

A fagen fatauci ma haka abin yake. Tasawa zango ce babba a kan hanyar da ta haɗa Agadas da Katsina da Kano, kuma tare da ayarin gishiri na Abzinawa ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso garin a watan Janairun 1851. Yaron ayari da aka ɗauka don kora jakuna ko ɗaure kaya ba ya rabuwa da madugu a tsakiyar daji. Sai an sauka inda aka nufa, an kwance kaya, sannan kowa ya san inda dare ya yi masa. Barantaka kuwa ba ta da wa'adi a baki, amma tana da shi a al'ada. Bara yana yi wa ubangidansa hidima shekaru, shi kuma ubangida ya ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya yi masa aure, daga ƙarshe ya ba shi jari ya sallame shi. Emmanuel Grégoire, a littafin da ya wallafa a 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya nuna yadda wannan dangantaka ta ci gaba da riƙe kasuwancin jihar har cikin zamanin gyaɗa da bayansa. Baran da ya sulale ba sallama ya koma gidan wani attajiri, sunansa butulu. Ubangidan da ya ci ƙarfin yaro ya hana shi abin da al'ada ta tanada, in yaron ya bar shi, shi ake yi wa dariya, domin arzikin mutane ne ya zube masa. Igiyar tana ɗaure da wuya biyu.

Malamanmu na zaure sun san wannan bambanci da sunayensa na fiƙihu. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane gari na ƙasar Hausa, ta raba ijara da ji'ala. A ijara ana yanka wa'adi da lada tun farko, kuma a mazhabar Malikiyya alkawari ne mai ɗaure ɓangarorin biyu. A ji'ala kuwa, kamar haƙa rijiya ko nemo dabbar da ta ɓace, ba a yanka wa'adi, mai aiki yana iya janyewa, sai dai ba shi da komai in bai kammala ba. Abin sha'awa ga mu masu alli, a wannan babi ne littafin ya halatta a yi sharaɗi da mai koyar da Alƙur'ani a kan sai yaro ya iya. Wato tun a ƙarni na 10 an gane cewa aikin koyarwa ba ya cikin ayyukan da ake yankewa a tsakiya a ce an yi rabi.

Kada dai a ɗauka zamanin da aljanna ne. Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi ɗa ne kawai. Bawa ba shi da wa'adi, ba shi da sallama, sai fansa ko gudu, kuma gonakin sarakuna da na attajirai da yawa da ƙarfinsa aka noma su.

Zuwan Nasara ya kawo wani abu da ƙasar ba ta saba da shi ba: aikin da ba ka nema ba, kuma barinsa laifi ne. Farkon haɗuwar mutanen wannan yanki da shi ta kasance da jini. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ratso ƙasar a 1899 tana ƙona garuruwa, da mutanen da ta kama take ɗaukar kayanta, kuma ɗan dakon da ya gaza ko ya yi yunƙurin gudu kashe shi ake yi. A Dankori suka harbe Kanar Klobb ranar 14 ga Yuli, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su a Maijirgi, inda kaburburansu suke. Da mulki ya zauna, Faranshi ta haramta cinikin bayi da dokar 12 ga Disamba 1905, amma ta ɗora wa kowane baligi lampo da kwanakin aikin tilas: share hanyar mota, dasa turakun waya, gina barikin kumandan, ɗaukar kaya daga zango zuwa zango. A takarda ƴan kwanaki ne a shekara. A aikace, sai yadda kumandan da sarki da dogarai suka ga dama, kuma dokar indijena ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ba tare da shari'a ba.

Amsar talakawa ita ce ƙafa. Iyaka ba ta da nisa daga Korgom ko Hawan Dawaki, kuma tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe a ƙasar Ingilishi, ana neman hannu ana biya. Gidaje, wani lokaci garuruwa sukutum, sun tsallaka Katsina da Daura. A rahotannin Nasara sunan wannan tafiya gudu, amma in aka dube ta da idon wanda ya yi ta, barin aikin da ba lada ne zuwa aikin da ke da lada.

Akwai wata doka ta wancan zamani da ta cancanci mu dakata a kanta, saboda wata kalma da ke cikinta. Ranar 22 ga Oktoba 1925 aka kafa dokar da ta tsara ɗaukar ƴan ƙasa aiki a kamfanoni da gonakin Turawa a duk Afirka ta Yamma ta Faranshi. A cikinta aka tanadi abin da ake kira pécule: wani kaso na ladan lebura da ake riƙewa kowane wata, a manna masa tambari a ɗan littafinsa, ba za a ba shi ba sai ya cika wa'adi. An ce don a koya masa tattali ne. Kowa ya san don kada ya tafi ne. Wanda kuma ya karɓi kafin alƙalami ya ɓace, hukuncin mai laifi ake yi masa. Gaskiya ne mutanen Tasawa da Mayahi kaɗan ne suka shiga irin wannan kwantaragi, tun da ba mu da gandayen koko ko kamfanonin katako irin na Kodebuwa, amma tunanin da ke bayan dokar shi ne ya mulki zamanin baki ɗaya. Ba Faranshi kaɗai ba ce. Ingila ta daina ɗaure ma'aikacin da ya karya kwantaragi a cikin gidanta tun 1875, amma ta ci gaba da yin haka a ƙasashen da ta mallaka, har sai da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniyoyi biyu, a 1939 da 1955, don a kawar da wannan hukunci. Kalmar pécule kuwa ta fi haka tsufa, domin daga Latin ta fito, inda take nufin ɗan abin da ubangiji ke barin bawansa ya tara. Mai karatu ya riƙe ta, za mu sake gamuwa da ita.

Dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ita ta kashe aikin tilas, kuma a wannan shekara indijena ta faɗi. Bayan yajin aikin gama gari na 3 ga Nuwamba 1952, aka samu kundin dokokin aiki na ƙasashen ƙetare ranar 15 ga Disamba na shekarar, wanda ƴan ƙwadago irin su Djibo Bakary suka yi ta fafutukar a aiwatar da shi a Nijar. Daga nan barin aiki kafin wa'adi ya tashi daga laifin da ake ɗaure mutum a kansa, ya koma saɓani tsakanin mutum biyu, wanda iyakarsa biyan diyya. Duk mai zagin ɗan kwantaragin da ya tafi, ya kamata ya tuna cewa wannan ƴanci na ajiye aiki bai kai shekara ɗari ba a ƙasarmu, kuma ba kyauta aka ba kakanninmu shi ba.

Shekarun farko na mulkin kai ba su da labari mai yawa a wannan fanni. Wanda ya yi boko gwamnati ce ke jiransa, ta ba shi lambar aiki, ya zauna har ritaya. Malamin makaranta a Kanambakashe ko Gazawa mutum ne mai albashi da daraja, ana kai masa gaisuwa, ba shi da inda zai je da ya fi inda yake. Masu aikin ɗan lokaci su ne ƴan kakar gyaɗa, masu awo da masu ɗinkin buhu da ƴan dako, sai kuma ƴan cin rani, waɗanda korar baƙi daga Najeriya a 1983 da 1985 ta nuna musu cewa aikin da ba takarda ana iya raba ka da shi a dare ɗaya.

Abin ya juya ne a shekarun 1990. Kuɗin yuraniyom ya faɗi, masu ba da bashi na duniya sun sa an tsuke ɗaukar ma'aikata, an karya darajar sefa a Janairun 1994, albashi ya yi ta taruwa ba a biya ba. A lokaci guda kuma yara suna ƙaruwa, kuma kusan kashi biyu bisa uku nasu ba sa zuwa makaranta. Mafitar da aka samo, wadda Senegal ta riga mu gwadawa a 1995, ita ce ɗaukar malamai ba tare da an sa su cikin ma'aikatan dindindin ba. A 1998, shekarar da aka kafa dokar tsarin ilimi ta LOSEN, Nijar ta fara ɗaukar waɗanda aka kira ƴan sa-kai na ilimi, ana ba su jika 35 a wata, abin da bai wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin cikakken malami ba. Daga baya aka sauya musu suna zuwa ƴan kwantaragi. Shirin musamman na shugaba Tandja, wanda ya yi alkawarin aji dubu kowace shekara, da shirin shekara goma na PDDE da ya fara a 2003, duk a kan kafaɗarsu aka ɗora su. Kuma a yi adalci, abin ya yi aiki ta fuskar yawa: daga kusan kashi ɗaya bisa uku na yaran da suka isa shiga firamare a 2000, an wuce kashi biyu bisa uku a 2010. Garuruwa da yawa na Urafan da Gidan Amumun da Isawan a wannan lokaci suka fara ganin allo, ko da a rumfar kara ce. Kafin a kai tsakiyar shekarun 2010, fiye da kashi uku bisa huɗu na malaman firamare ƴan kwantaragi ne.

To, me aka kira kuɗin da ake ba su? Ba a kira shi albashi ba. Pécule aka kira shi. Ba na zaton waɗanda suka zaɓi kalmar sun yi tunanin 1925, amma harshe yana da nasa tunanin, kuma duk malamin Faransanci da ya buɗe ƙamus gaban ɗalibansa ya san abin da zai tarar. Bambancin kawai shi ne, na da ana riƙe shi ne da gangan don lebura ya zauna, na baya kuwa jinkirinsa ne ya yi ta korar mutane. Shekaru da dama, malamin ƙauye sai ya rufe aji ya hau mota ko amalanke zuwa babban gari don karɓar kuɗin watan da ya wuce, wani lokaci ya tarar ba su zo ba, ya koma ya ci gaba da cin bashin mai tebur. Yawancin yajin aikin da ƙungiyoyi irin su SYNACEB suka yi, a kan abu biyu ne: a biya a kan lokaci, a kuma ba da lambar aiki.

Ana cikin haka sai yunwar 2005 ta zo, jihar Maraɗi ta zama cibiyarta. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a wannan shekara, mafi yawansu a jiharmu, kuma ƙungiyoyi da dama suka buɗe ofisoshi a Tasawa da Mayahi da Agye. Suna bukatar wanda ya iya karatu da rubutu da Faransanci, ya iya Hausa, ya san ƙauyuka, ya iya cika takarda da tara mata a yi musu bayani. Wa ke da waɗannan siffofi a karkara in ba malamin makaranta ba? Abin da suke biya ya ninka pécule, kuma yana zuwa ƙarshen wata. Nan ne abin ya zama abin tausayi, domin aikin da aka tafi dominsa shi ma kwantaragi ne, na wata shida ko shekara, mai ƙarewa ranar da kuɗin furoje suka ƙare. Mutum ya bar gajeren wa'adi ya kama wani gajeren wa'adi, kuma an ga waɗanda suka dawo neman aji bayan shekara biyu. Waɗanda suka fi dacewa su ne suka ci jarrabawar shiga ƴan sanda ko kwastan ko jandarma, suka samu lambar da koyarwa ta hana su.

Me doka ta ce? Kundin dokokin aiki na Nijar na 25 ga Satumba 2012 ya bi sawun na gabaninsa: kwantaragi mai wa'adi ba a yanke shi kafin lokaci sai da yardar ɓangarorin biyu, ko babban laifi, ko wani abin da ya fi ƙarfin mutum, wanda kuma ya saɓa ya biya diyya. Samun aikin da ya fi ba ya cikin uzurorin. Faransa, wadda muka gaji tsarin daga gare ta, ta gyara nata tun Janairun 2002: ma'aikacin da ya nuna shaidar an ɗauke shi aikin dindindin yana iya ajiye kwantaragi mai wa'adi, in ya ba da sanarwar da ba ta wuce mako biyu ba. Malamin kwantaragi da gwamnati yake da yarjejeniya, kuma akwai ƙa'idoji na musamman da suka shafe shi, amma a aikace ba kotu ake zuwa ba. Ana soke sunansa ne a nemi wani. Gwamnati ma ta nuna cewa hannunta a sake yake: a watan Yulin 2017, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, aka yi wa malaman kwantaragi na firamare jarrabawar tantancewa, kusan kashi ɗaya bisa uku ne suka samu matsakaicin maki, kuma dubbai suka rasa aikinsu. Ko mutum ya goyi bayan wannan tantancewa ko bai goya ba, ta koya wa kowane ɗan kwantaragi cewa takardar da ke hannunsa ba rumbu ba ce.

A ganina, wanda aka ɗauka a kan ba a yi masa alkawarin gobe ba, ba a da bakin hana shi neman gobensa. Ubangidan da bai yi wa bara aure ba, bai ba shi jari ba, ba shi da ikon kiransa butulu. Sai dai akwai mutum na uku a wannan ciniki, wanda bai sa hannu a komai ba kuma shi ke biyan diyyar. Shekarar karatu daga Oktoba zuwa Yuni ita ce daminarmu. Ɗan aji ɗaya da ya rasa malami a watan Fabrairu, ana tsakar haɗa baƙi da wasali, gona ce da aka bari ana noman farko. Ɗalibin ajin ƙarshe na kwaleji da ya rasa malamin Faransanci ko na lissafi a watan Maris zai shiga jarrabawar BEPC da rabin manhaja, kuma in yarinya ce a ƙauye, faɗuwar nan sau da yawa ita ce ƙarshen karatunta. A birni ana iya samun madadi cikin mako guda. A makarantar da ke da malami biyu da aji huɗu, can arewacin Mayahi, sai darekta ya haɗa yaran a ɗaki ɗaya har damina ta rushe rumfar.

Magabata sun raba lokacin noma da lokacin tafiya, mu kuwa mun bar kalandar ma'aikatu da ta makaranta suna karo da juna. Jarrabawar ɗaukar ma'aikata da kiran waɗanda suka ci, da ɗaukar aiki na ƙungiyoyin agaji, kowane yana zuwa ne lokacin da kasafin kuɗinsa ya nuna, ba wanda ke duba ko aji zai mutu. Ƙungiyoyin malamai da na iyayen yara da kwamitocin kula da makarantu suna da abin da za su iya nema a nan, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. Wanda ya ɗauki malamin da ke riƙe da aji ya yarda ya jira shi zuwa ƙarshen Yuni, ko aƙalla zuwa hutu mafi kusa. Hukumar ilimi ta karɓi sanarwar wata guda ba tare da ta ɗauke ta a matsayin laifi ba, domin tsoron a riƙe wa mutum kuɗin watannin da yake bi shi ke sa da yawa su sulale cikin dare. Shi kuma mai tafiya ya miƙa littafin darussa da makin yara ga darekta, ya je ya yi sallama da maigari da iyaye kamar yadda ya gaishe su ranar da ya zo. Tsakanin Yuli da Satumba akwai wata uku cur da azuzuwa ke rufe, yara suna gona tare da iyayensu, kuma a cikinsu hukuma ke tsara wanda za ta tura kowace makaranta a watan Oktoba.